Rijiyar da Ba Ka Auna Ba

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Babagana, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka Ba Modu da iyalinsa a Maisandari. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a tsaye da zaune, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin kanka.

Za ka yi mamaki, keke ɗaya ke tsakaninmu amma ina rubuto maka takarda. Ka san muryata. Shekaranjiya da na fara yi maka magana sai ta yi ƙasa kamar kullum, ka durƙusa ka ce, "Ki yi haƙuri, Ya," ka ɗauki jakarka ka koma gidan kawunka, a ganinka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Allah bai ba ni ɗaga murya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Raina a ɓace yake, ɓacin da ban taɓa yi da kai ba tun da na haife ka. Ranar Asabar za ka tafi Fatakwal aikin neman mai, kuma ba za ka tafi da zaton na huce ba.

Ka san Ya Bintu, amma bari in tuna maka da ita, tunda alama ka manta. Shekara huɗu ta yi a ɗakinmu na bakin ƙofa ita da jikokinta, tun da yaran daji suka ƙone ƙauyensu. Ita ke ɓoye maka ƙanzo lokacin da kake jami'a. Da aka mayar da su gida, ƙungiyar agajin nan ta ce za ta haƙa masu rijiyar burtsatse biyu, aka ba kamfaninku aikin auna wuri, kamfaninku ya ba ka. Ranar Litinin ta biyo ayarin motoci ta shigo gari. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, ta kwance leda ta ajiye min a kan tabarma. Baƙar laka ce, ta bushe ta tsage.

Ta ce, "Hajja Falmata, ga ruwan ɗanki na kawo miki. Ki sha ki ji daɗi."

Na ce, "Ya Bintu, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Kwana shida inji yana kuka a bayan masallaci. Hatsin da aka raba mana da shi muka yi wa masu haƙa tuwo. Suka kai inda takardar ɗanki ta ce akwai ruwa, ba komai sai wannan. Mai inji ya ce bututun da ya zo da shi iya abin da takarda ta faɗa ne, sojojin rakiya kuma suka ce kwanakinsu sun cika. Suka naɗe kaya suka bar mana rami."

Na tambaye ta ina suke ɗiba yanzu. Ta ce tafkin da ke bayan ramin tsaro, ta kuma dube ni ta ce, "Kin san su wa ke shan ruwa a can ban da mu." Sai ta ce, "Ni dai ban ga ɗanki a garinmu ba. Na tambayi Bulama mai garinmu, ya ce wataƙila ya zo ranar da muke layin rabo. Na ce Babagana zai taka garin nan bai nemi ɗakina ba? To ko iska ce ta auna? Litinin mai zuwa inji zai koma ya haƙa ta biyu da takardarsa ta biyu. Ki tambayar min shi, in ita ma irin wannan ruwan ne, mu daina wanke tukwane."

Na tambaye ka, ka kuwa faɗa min gaskiya, wannan kaɗai na yaba maka. Ba ka je ba. Ka ɗauko lambobin wani awo da aka yi shekarun baya a wani ƙauye kusa da su, ka canja suna, ka sa hannu. Har kana ce min, "Ya, ƙasar wajen nan duk kusan ɗaya ce." Kusan ɗaya! Shekara biyar ka yi a jami'a don ka zo ka ce min kusan? Da kusan ce ake aiki da ita, me ya sa ba a aiki babanka ya nuna masu wuri da sandarsa ba?

Amma ba zan ɗora maka kaya ni in tsaya hannu sake ba. Na zauna na bincika kaina, na ga hannuna a cikin ramin nan. Zan faɗa maka laifuffukana ba kwana-kwana, don ka ga ba daga sama nake maka magana ba.

Na farko tsoho ne. Da aka ba ka gurbin karatun nan, jiyofiziks, har yau sai na tsaya kafin bakina ya faɗe shi, ka ce min ilimi ne na sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da an haƙa ba. Ni da na tashi da allo a hannu, abin da na sani da wannan siffa shi ne duba da bugun ƙasa. A gaban maƙwabta na ce ɗana zai je karatun duba na Turawa, aka yi ta dariya, kai kana tsaye. Babanka ya dawo daga Kasuwar Shanu, ya ji aikin har da buga turaku a ƙasa, ya ƙara da nasa, wai in buga turke ne ai makiyaya na yi ba digiri. A shekararka ta uku ka aro kayan aiki, ka kai ni filin bayan gida. Ka buga turakun ƙarfe huɗu a jere, ka ja waya daga kowanne zuwa na'ura, ka haɗa da batir. Ka ce wuta kake turawa cikin ƙasa, na'ura tana faɗa maka yadda ƙasa ta bar ta ta wuce, domin laka da busasshen yashi da yashi mai ruwa kowanne da yadda yake karɓarta. Ka tumɓuke turakun gefe, ka ƙara nisa, ka sake bugawa, ka ce iya nisan turaku iya zurfin da kake ji. Ka yi haka ya fi sau ashirin, rigarka ta jiƙe, tafin hannunka ya yi bororo. Kowace lamba sai ka rubuta ta a take da fensir. Na ce, "Wannan wahala fa?" Ka ce, "Ya, ita ce aikin. Kwamfuta abin da na ba ta take zanawa."

Ranar na ji kunya, na gane na yi maka ƙazafi, amma girman kai ya hana ni cewa ka yafe min. Yau nake faɗa, ka yafe min. Kai kuma ka riƙe wannan: abin da ya raba ka da mai duba ba kwamfuta ba ce, ba takardar jami'a ba ce. Ƙafarka ce da ta taka wurin da gudumarka da ta buga turke. Ranar da ka zauna a ɗaki ka rubuta lamba ba ka auna ba, mai duba ya fi ka, domin shi kowa ya san abin da yake sayarwa, kai kuwa da hatimi ka fito.

Na biyu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ka tuna shekarar da ake shiga gida-gida ana bincike, ka dawo ka tarar wayoyinka biyu na naɗi da batir da turaku sun ɓace daga ƙarƙashin gadonka? Na ce maka masu gwangwan ne suka shigo suka kwashe. Ƙarya na yi. Na ji an rufe layinmu, na leƙa na ga waya da batir a ɗakin saurayi, a garin nan, a wancan lokaci. Na san ba wanda zai tsaya ya ji bayanin yashi da laka. Na kwashe su na zuba a tsohuwar masai ta bayan gida. Zubawar ban yi nadamarta ba, gobe ma in haka ta taso zan sake. Ƙaryar ce ta dame ni. Ka sha faɗa a wurin malaminka, aikinka na ƙarshe ya yi jinkiri, ni ina kallonka ina zuba maka abinci. Na koya maka, ba da baki ba, cewa in tsoro ya zo ana iya rufe shi da ƙarya a ci gaba da zama lafiya. Ga shi ka koya da kyau.

Saboda haka, duk inda ka je da kayan nan, kar ka shimfiɗa waya a ƙasar mutane sai ka fara zuwa wurin mai gari da wurin masu tsaro, ka nuna takarda, ka buɗe akwati su gani da idonsu. Ka yi wa tsofaffi bayani da harshen da suke ji, kar ka ce ba za su gane ba, ni ma na gane. In kuma tsoro ya hana ka wani abu, ka ce tsoro ne ya hana ni. Ba wanda ya zauna a Borno shekarun nan da zai yi maka dariya.

Na uku shi ne babba. Da ka fara aiki da kamfanin nan, a makon aka kawo labarin an tare mota a hanyar da kuke bi, har da ɗan maƙwabcinmu a ciki. Na kira ka ɗaki, na ɗauko Alƙur'anina, na sa ka yi alwala ka dafa, ka rantse ba za ka ƙetare ramin da aka haƙa kewaye da garin nan ba muddin ina raye. Ka ce, "Ya, aikina a daji yake. Ruwa ba a ofis ake nemansa ba." Na ce ban ji ba. Na yi kuka har ka dafa. Ni da na sauke Alƙur'ani, ni da nake koyar da matan unguwa cewa ba a wasa da rantsuwa, na ɗaure ɗana da littafin Allah a kan abin da na san zai karo da amanar da ya ɗauka. Ban tambayi malami ba, domin na san amsar da zai ba ni. Ban ce ka bar aikin ba, domin ina jin daɗin a ce uwar injiniya. Ina so ka riƙe aikin daji, kuma kar ka je daji. Wane mai hankali ne zai nemi haka?

Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma kar ka kuskura ka fake a bayansa. Hanya nawa ce a gabanka? Da ka je wurin shugabanka ka ce uwata ta rantsar da ni, ku aiki wani. Da ka dawo wurina ka ce, "Ya, mutanen Ya Bintu ne, ki kwance ni." Da ka je wurin Malam Goni na masallacinmu ka tambayi hukuncin rantsuwar da ta hana alheri. Duk ba ka yi ba. Ka zaɓi wadda ba za ta ɓata min rai ba, ba za ta ɓata wa shugabanka ba, ba za ta sa ka kunya ba, sai dai ta aika matan ƙauye bayan rami da jarka. Su ne ba sa gabanka, su ka ga sun fi sauƙin cuta. Wannan ne yake ƙona min zuciya, Babagana. Ba rashin ƙwarewa ba ne, ka iya aikinka. Zaɓa ka yi.

Daga yau, duk wanda ya nemi ka yi masa alkawarin da zai hana ka cika amana, ka ƙi tun a wurin, ko da ni ce, ko da ina kuka. Kukana zai bushe.

Akwai na huɗu, shi ne na fi jin nauyin rubutawa. Kwana ukun da aka ce kana ƙauyen Ya Bintu, a ɗakinka kake, ƙofa a saye, kwamfuta a cinya. Ni na kai maka kunu. Na ga takalmanka na daji a bayan ƙofa tsaf, ko ƙura babu. Zuciyata ta ce, wannan yaro ta ina yake auna ƙasar da ke nesa da shi? Na amsa mata da cewa ai zamani ne, wataƙila na'ura daga nan take ji. Ni da na ga bororon hannunka a filin bayan gida! Na san amsa, ban tambaya ba, don ina jin daɗin ganinka a gida da rai. Har waya na sa aka kira min Ya Bintu na ce ta kwantar da hankalinta, ɗanta ne ke riƙe da aikin. Da na buɗe baki ranar da tambaya ɗaya, da inji bai tafi ba. Shiruna na mutunci da ake yabo a unguwa, ga abin da ya haifa.

Inda za ka, ka ce min manyan motoci ne ke girgiza ƙasa, a jera ƙananan na'urori masu saurare a kan layi mai tsawo cikin gonaki da fadama, su ɗauki amsar da ke dawowa daga ƙasa, sannan ku zauna a ofis mai sanyi ku karanta, ku ce a haƙa nan. Ka ce da ka daɗe ba ma sai ka fita ba, wasu za su auno su kawo maka. To a nan na fi ji maka tsoro, domin ka riga ka ɗanɗana zaman ɗaki. In an kawo maka awo, ka tambayi wanda ya auno, ka dubi takalminsa. In ka ga abin da bai yi maka daidai ba a takardar wani, ka yi magana ranar, kar ka yi irin shiruna. In na'ura ta ba ka abin da bai fito sarai ba, ka rubuta bai fito ba. "Ban sani ba" magana ce ta malamai, na ji ta a bakin waɗanda suka fi ka karatu nesa ba kusa ba. Wurin da ba ka taka ba, ka rubuta ban taka ba. Masu jan waya a rana kuma ka san sunayensu, ka sha ruwa tare da su, domin aikinka a kan wuyansu yake tafiya. Kar ka bi ta gonar mutum da layi sai da izninsa. Sallarka kuwa ba sai na faɗa ba, amma ka sani ba ta hana ni tsayuwa a bakin ƙofarka da kunu ina yaudarar kaina ba. Ka yi ta, ka kuma bincika kanka bayanta.

Yanzu ga abin da nake so. Yau Laraba. Gobe Alhamis ka je ofishin ƙungiyar nan da ƙafarka, ka ce takarda ta biyu ba a auna ta ba, ta farko ma haka, a tsayar da inji. Ka fara da shugabanka in ka ga dama, amma kar ka tsaya a wurinsa. Na san abin da za ka ce. Za ka ce takardar shaidar da ya ba ka ita ta samo maka aikin Fatakwal, in ya janye ta aiki ya tafi. Na sani. Na san shekara nawa ka yi kana nema, na san ranar da saƙo ya zo har rawa ka yi a tsakar gida da girmanka. Ina so maka aikin nan fiye da yadda kake so wa kanka. In ya tafi zan yi kuka tare da kai. Amma ba zan raka ka tasha in ɗaga maka hannu ba alhali ranar Litinin inji zai kama hanya da ƙaryarka a gaban mota.

In ka ce ba za ka iya ba, ranar Juma'a da safe zan sa hijabina in hau keke in je da kaina. Ban san Turanci ba, ban san wa ake gani ba, muryata kuma ka san ta. Zan zauna a bakin ƙofarsu da ledar Ya Bintu har wani ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Ba barazana nake maka ba, ina faɗa maka ne don kar ka ji a bakin wani. Ya Bintu tana nan a ɗakinta na da, tana jiran ayarin komawa, kullum da safe sai ta ce, "Hajja, me ɗanki ya ce?" Na gama yi mata shiru.

Jiya na je wurin Malam Goni, abin da ya kamata in yi tun bara. Na faɗa masa komai, bai sassauta min ba. Ya ce rantsuwar da ta tare hanyar alheri ana warware ta a yi kaffara, ciyar da miskinai goma. A kanka take, amma in ka yarda ni zan fitar, tunda ni na ɗaura. Na riga na auna gero na ajiye, amsarka nake jira. Na kwance ka, Babagana. In sun ce ka bi rakiya ka je ka auna wurin da gaske, ka je. Ka ɗauki gudumarka ka buga kowane turke da hannunka, ka rubuta abin da ƙasa ta faɗa, ko da cewa ta yi babu.

Hanyar ba ta canja ba, ni ma ban canja ba, tsoron yana nan inda yake. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya nesanta ka da hanyar nan. Yau ina roƙonsa ya kai ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, ya rufe idon mugu daga motar da kake ciki, ya dawo min da kai da ƙafafunka. Ya tsare matan da ke fita tafki kafin ka isa. In Fatakwal rabonka ce, ya kai ka lafiya ya haɗa ka da mutanen kirki. Ya yafe min, ya yafe maka. Albarkata ban janye ba, ba kuma zan janye ba, amma fushina yana nan sai na ji abin da ka yi gobe.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Falmata